Yadda Ake Shirin Kwanciya Asibiti da Zaman Jinya a Gombe

Kwanciya asibiti iri biyu ce. Akwai wadda likita ke sa wa rana, ya ce a dawo ranar kaza a yi aikin ƙaba, ko na mafitsara, ko a ciro jariri. Akwai kuma wadda ke faɗo wa mutane cikin dare, a sa mara lafiya a Keke Napep ko motar maƙwabci a yi asibiti da shi ko takalmi babu. Bayanin nan ya shafi duka biyun, sai dai ya fi ƙarfi a kan ta farko, don ita ce ke ba da sararin shiri.

Na sha zaman jinya a asibitocin Gombe, ta iyaye da ta ƙanne da ta maƙwabta. Abin da nake so wanda bai taɓa yi ba ya sani tun farko shi ne, magani aikin likita da nas ne, amma duk abin da ke kewaye da maganin yana wuyan wanda ke zaune gefen gado. Shi ke bin layin biyan kuɗi, shi ke karɓo magani, shi ke kai jini ɗakin gwaji ya koma karɓo sakamako, shi ke nemo masu ba da jini, shi ke wanke mara lafiya ya ba shi abinci. In mai jinya ya san abin da yake yi, kwana biyar ba ya komawa goma.

Kayan da za a haɗa

A fara da takardu, don su ne ba a iya saye a bakin asibiti. Katin asibiti mai ɗauke da lambar fayil, takardar da ƙaramin asibiti ya rubuto ta turawa, sakamakon duk gwajin da aka taɓa yi, hoton ƙirji ko na ciki ko na ƙashi, da katin inshorar lafiya in akwai. A zuba su cikin leda mai kauri guda ɗaya, a kuma ɗauki hoton kowace takarda a waya. Kati na ɓata, amma in lambar tana waya, ma'aikatan ɗakin kati za su zaro fayil ɗin ba tare da an buɗe sabo ba. Buɗe sabon fayil asara ce, domin duk tarihin ciwon yana cikin tsohon.

Sai magungunan da mara lafiya ke sha, kowanne cikin kwalinsa. Kada a ɓare su a zuba a leda, kada kuma a dogara da cewa "wata farar ƙwaya ce ƙarama yake sha da safe". Har jiƙo da garin magani na gargajiya a zo da su a nuna.

Sai ƙaramin littafin rubutu da biro biyu. Cikin duk kayan nan babu wanda ya kai shi amfani, za ka ga dalili a gaba.

Na kwanciya: zanin gado biyu ko uku, matashin kai, ledar shimfiɗa in mara lafiya ba ya iya tashi, gidan sauro, da tabarma ta mai jinya. In lokacin hunturu ne, Disamba zuwa Janairu, a haɗa da bargo da safa, don sanyin asuba a baranda ba wasa ba ne. In Maris ne ko Afrilu, mafici ko ƙaramar fanka mai caji ta fi bargo muhimmanci. Tufafi su zama masu yalwa, masu faɗin hannu, saboda allurar ƙarin ruwa da za a bari a hannu. Jallabiya ga namiji, zani da riga mai faɗi ga mace, da silifas na roba don shiga bayi.

Na tsafta: bokiti biyu, ɗaya na wanka ɗaya na wanki, buta, fo, sabulu, garin sabulun wanki, tawul, buroshi ko asuwaki, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, safar hannu ta roba, audugar mata ko ƙunzugun manya gwargwadon buƙata. Na abinci: fulas ɗin ruwan zafi, kula, kofi, cokali, kwano mai murfi, da ruwan sha. A ƙara da tocila, caja, ƙaramin kwaɗo na kulle loka, dadduma da dutsen taimama.

Abin da za a bari a gida: gwal, kuɗi masu yawa a aljihu, risho ko hita, da ƙananan yara. In abin gaggawa ne, a ɗauki takardu da magunguna da kuɗi da waya kawai a tafi, wani ya biyo da sauran da safe.

1. Kafin ranar kwanciya

Ranar da likita ya sa lokaci, kada a fito ofishinsa sai an san amsar waɗannan: mene ne sunan ciwon, me za a yi, kwana nawa ake sa ran yi, waɗanne gwaje-gwaje za a kawo, za a buƙaci jini ko a'a, leda nawa, kuma wane magani za a ci gaba da sha, wanne za a dakatar. Tambaya ta ƙarshen nan tana da nauyi. Magungunan tsinka jini irin su asfirin da wafarin suna sa zubar jini ya ƙi tsayawa a tiyata, likita ne zai faɗi ranar da za a tsaya da su. Mai ciwon suga da mai hawan jini kuma kada su daina nasu da kansu don za a yi musu aiki. Sau da yawa akan ɗage tiyata ne don an auna jini da safe an tarar ya hau, saboda mara lafiya ya ajiye maganinsa tun mako guda.

A yi gwaje-gwajen da wuri, a karɓi sakamako a hannu kafin ranar. A kuma kira ko a leƙa asibitin ana gobe, a tabbatar akwai gado kuma ba a shiga yajin aiki ba, musamman ga mai tasowa daga Dukku, Nafada, Bajoga ko Balanga.

Ba kowane ciwo ne sai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka ba. Akwai Asibitin Ƙwararru na jiha, akwai na mata da yara na Zainab Bulkachuwa, akwai manyan asibitocin ƙananan hukumomi irin na Bajoga da Billiri. Saran maciji kuwa Kaltungo ake nufa da shi, can ne asibitin da ya keɓanta da wannan. In ƙaramin asibiti ya ce a wuce gaba, a tsaya a karɓi takardar turawa, tana rage dogon bayani da maimaita gwaji.

2. Wa zai zauna

A zaɓi mutum ɗaya tsayayye da zai riƙe jinyar daga farko har sallama, sannan a samo wanda zai riƙa karɓarsa ya je ya yi wanka ya runtsa. Ɗakin mata mace ke kwana, ɗakin maza namiji. Kuskuren da dangi suka fi yi shi ne karɓa-karɓa ba tsari: yau inna, gobe ƙanwa, jibi matar wa. Likita ya zo ya tambaya ko ta yi amai jiya, wadda ke wurin ta ce ita yanzu ta zo. In dole sai an yi canji, mai tafiya ya karanta wa mai zuwa abin da ke cikin littafin nan kafin ya fita.

Bayan mai zama, ana buƙatar ɗan aike mai ƙafa, wanda zai yi ta kai-komo tsakanin wurin biyan kuɗi da wurin magani da ɗakin gwaji, da kuma mutum ɗaya mai riƙe kuɗi da yanke shawara, wanda wayarsa ba ta mutuwa. In mara lafiya Fillanci kawai yake ji, ko Tangale ko Tera ko Waja, a tabbatar mai zama yana jin harshensa da Hausa. Wasu ƙananan likitocin kuma daga kudu suke, ba su da Hausa sosai. Babu kunya a ce wa nas, "Sista, don Allah a fassara mana abin da likita ya ce."

3. Jini

In an ce a tanadi jini, a fara nema tun ranar, kada a bari sai ana gobe. Abin da aka saba shi ne dangi su kawo masu bayarwa, a mayar da gurbin wanda za a ɗauka a ma'ajiyar asibiti. Mai bayarwa ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 65, nauyinsa ya kai kilo 50, lafiyarsa ƙalau, ya ci abinci ya sha ruwa, kuma bai ba da jini cikin wata uku da suka wuce ba. Mai ciki da mai shayarwa ba sa bayarwa. Za a auna yawan jininsa, a duba shi game da ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere.

Saboda wannan tacewar, in leda biyu ake nema, a zo da mutum huɗu ko biyar. Wani jininsa bai isa ba, wani sai a wurin zai ji yana ɗauke da ciwon hanta bai sani ba. Wanda aka mayar, a rufa masa asiri, a kuma ƙarfafa shi ya ga likita. Ga masu jin tsoro, leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, kuma jiki na mayar da ruwan cikin kwana ɗaya zuwa biyu. In rukunin jinin mara lafiya mai negetif ne, samunsa na da wuya, a faɗaɗa nema tun da wuri.

In dangi ba su isa ba, a yi sanarwa a masallacin unguwa, a gaya wa abokan majalisar hira da 'yan agaji, a sa a zaurukan WhatsApp. Matasan Gombe suna amsa irin wannan kira. Abin da za a guje wa shi ne masu rakuɓewa a bakin ƙofa suna cewa za su samo jini a biya su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini, kuma mai sayar da jininsa a kai a kai shi ne ya fi ɓoye ciwonsa. Kuɗin da asibiti ke karɓa na leda ne da gwaji da duba dacewar jinin da na mara lafiya, kuma akwai rasidi.

4. Kuɗi

A tambayi ƙiyasin kuɗin aiki da na gado, sannan a tanadi fiye da haka, don magani da kayan wanke ciwo da gwajin da zai taso a tsakiya ba sa cikin ƙiyasin farko. A raba kuɗin gida biyu, wani a hannu wani a banki. Na'urar POS da tiransifa suna tsayawa in sabis ya ɗauke, ƙarfe biyun dare kuma ba kowane mai POS ne a buɗe ba. A biya a wurin biyan kuɗi na asibiti kawai, a karɓi rasidi, a jera su a leda ɗaya. Ranar sallama za a neme su.

Mai inshora, ta tarayya ta NHIA ko GoHealth ta jihar Gombe, ya fara zuwa ofishin inshorar da ke cikin asibitin kafin ya biya komai. Yawanci sai da takardar turawa daga asibitin da ya yi rajista da kuma lambar amincewa. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke kan NHIA kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani yake biya. Wanda ya riga ya biya daga aljihu, dawo da kuɗin nan wahala ce babba.

In kuɗi sun gaza, kada a yi shiru, kada kuma a sulale da mara lafiya. A gaya wa likita gaskiya, sau da yawa akwai magani mai sauƙin kuɗi da zai yi aiki iri ɗaya, ko gwajin da za a iya jinkirtawa. Manyan asibitoci suna da sashen jin daɗin jama'a da ke duba halin marasa ƙarfi, a tambayi nas inda ofishinsu yake.

5. Ranar shiga

A zo da sassafe. Za a ciro fayil, likita ya rubuta a kwantar, a biya kuɗin gado, sannan a kai takarda ɗakin da aka tura ku. Nas za ta karɓe ku, ta auna jini da zafin jiki da bugun zuciya, ta nuna gado. Ka gaishe ta da kyau, ka tambayi dokokin ɗakin: lokacin dubiya, mutum nawa ke kwana, inda ake ɗiban ruwa, inda ake shanya. Ka goge loka da ƙarfen gado da ruwan kashe ƙwayoyin cuta kafin ka shimfiɗa zani. Ka kuma gaisa da masu jinyar gadajen kusa. Su za su nuna maka wurin biyan kuɗin da ba shi da layi, su za su duba maka mara lafiya in ka fita.

In ta gaggawa ce, sashen imajansi za a nufa kai tsaye, ba layin ganin likita ba. Mutum ɗaya ya tsaya da mara lafiya yana ba da bayani, wani ya tafi yankar kati. Dokar 2014 ɗin nan ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa, amma duk da haka a zo da kuɗi a hannu, don za a rubuto ruwa da allura da safar hannu a ce a kawo yanzu. A can ana fara duba wanda ya fi jin jiki ne, ba wanda ya riga zuwa ba. In babu gado a ɗaki, mara lafiya kan kwana ɗaya ko biyu a nan kafin a wuce da shi.

6. Bayani ga likita

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an fara zuwa kemis an yi allurai, a faɗa. In an sha jiƙo, an yi sakiya ko ƙaho, ko an je wurin mai ɗori, a faɗa. In mara lafiya na shan taba ko wani abin maye, ko yana kan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka, a faɗa, don yawan allurar barci da zaɓin magani sun dogara da wannan. In wani magani ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, a faɗa wa kowane likita da kowace nas, a kuma rubuta a shafin farko na littafi. Mace in tana zaton tana da ciki, ta faɗa kafin hoto ko tiyata.

Wani bayanin ba ya faɗuwa gaban suruki ko 'ya'ya. In ka lura Baba yana kame-kame, ka ce, "Baba, bari in ɗan fita ku gana da likita." Ka ja sauran ku ba su wuri.

7. Yadda yini ke tafiya

Tun asuba ake tashi. Nas ɗin dare za ta auna jini ta ba da maganin safe, masu shara su shigo, a ce a fitar da tabarmi da bokitai. Ka gama wanke mara lafiya da canza zani kafin ƙarfe bakwai. Nas-nas suna canjin aiki sau uku, safe da rana da dare, kuma lokacin da suke miƙa wa juna aiki ba lokacin tambaya ba ne sai in abu ya ɓaci.

Zagayen likitoci na safe shi ne ƙashin bayan yinin. A nan ake canza magani, a rubuta gwaji, a yanke ranar aiki ko sallama, kuma a gado ɗaya ba sa wuce 'yan mintuna. Kada ka tafi sayen koko a wannan lokaci. In an fitar da masu jinya, tsaya bakin ƙofa. A asibitin koyarwa za ka ga ayari: babban likita, na ƙasa da shi, sababbin likitoci da ɗalibai. Babban ba kullum yake zuwa ba, ka tambayi ranakunsa da sunansa, domin mara lafiya a ƙarƙashin ayarinsa yake, likitan da ya zo duba gadon kusa ba lallai ya san naka ba.

Ga amfanin littafin. Kowace rana ka buɗe shafi, ka sa kwanan wata, ka rubuta abin da ya ci da abin da ya sha, sau nawa ya yi fitsari da bayan gida, ya yi amai ko zazzaɓi da ƙarfe nawa, wane magani aka ba shi, wane gwaji aka ɗauka kuma yaushe sakamako zai fito, nawa aka kashe. A ƙasa ka rubuta tambayoyinka tun dare. In likita ya iso, ka karanta masa a taƙaice. Da zarar sun wuce, ka bi ƙaramin likitan ka karɓi takardun magani da na gwaji, ka tura ɗan aike nan take. Wanda ya bari sai bayan azahar, sakamakonsa sai gobe, in kuma Juma'a ce yana iya kaiwa Litinin.

Maganin da aka sayo a miƙa wa nas, kada ka ba da shi da kanka. In babu shi a wurin maganin asibiti, a saya a babban kantin magani mai rajista, a duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. In mai kanti ya ce babu wannan amma ga irinsa, a kira likita kafin a biya.

8. In tiyata ce

Za a kawo takardar amincewa. Babba mai hankali shi ke sa hannu da kansa, namiji ne ko mace. Yaro ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, waliyyinsa. A nemi bayani kafin a sa hannu: me za a cire ko a gyara, wane haɗari ke ciki. In al'adar gidan sai maigida ya ce to, a yi maganar tun kafin ranar, ya bar waya a kunne. Naƙudar da ta tsaya ba ta jiran a nemo wanda ya tafi kasuwar ƙauye.

Sai azumin tiyata. Ƙa'idar ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ko ruwa, jariri kuma awa 4 ba nono, amma yawanci za a ce kada a ci komai daga sha biyun dare, kuma abin da suka ce shi za a bi. Kunu da koko da fura da shayi mai madara duk abinci ne. Dalili kuwa, in an sa mutum barci, abin da ke cikinsa na iya dawowa ya shiga huhu, wannan kuma yana kisa. Tausayi kan sa uwa ta ba yaro 'yar loma a ɓoye. In hakan ta faru a faɗa, a ɗage aikin, ya fi.

A yi wanka da sabulu, a cire 'yan kunne da zobe da haƙoran roba, a goge jan farce, ƙunshi kuma a bar shi sai an dawo gida, saboda na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar jini. Kada a aske wurin aikin da reza a gida. Wani aikin allurar baya ake yi, mutum na farke amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji, ƙafafu kuma su yi nauyi na wasu awowi. Mai jinya ya zauna kusa da ƙofar ɗakin tiyata da kuɗi a hannu, don ana iya leƙowa a ce a kawo wani abu.

Bayan an fito, kada a ba shi ko ruwa sai an ce. In aikin ciki ne, za a riƙa tambaya ko iska ta fita, ita ce alamar hanji ya farka, a amsa ba kunya. In yana jin zafi a gaya wa nas, dauriya ba ta warkar da ɗinki. In an ce ya tashi ya taka washegari, a kama shi ya taka ko yana ƙi, don dogon kwanciya na sa jini ya daskare a ƙafa, majina ta taru a ƙirji.

9. Gefen gado

Ƙarin ruwa: kada ka taɓa maɓallin gudu, ko da ka ga yana ɗiga a hankali. Ka kira nas tun ruwan bai ƙare ba. In wurin allurar ya kumbura, ya yi ja ko zafi, a faɗa. In ƙarin jini ne, ka zuba ido sosai a minti 15 na farko. Rawar sanyi, ƙaiƙayi, ciwon baya ko sarƙewar numfashi, a kira nas da gudu.

Robar fitsari: jakar ta kasance ƙasa da gado amma ba a kan siminti ba, kada robar ta lanƙwashe, kada kuma a ja ta, akwai ƙullin da ke riƙe ta a ciki. Ka rubuta yawan fitsarin kafin a zubar.

Wanda ba ya iya juyawa, a juya shi duk awa biyu, dare da rana, a duba ƙugu da gadon baya da diddige. Fatar da ta yi ja ko duhu, gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa, kuma yana da wuyar warkewa. Zani ya kasance a bushe, ba tattara.

Mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda hankalinsa ya gushe, kada a ɗura masa kunu ko ruwa yana kwance, zai tafi huhu. In likita ya ce a sa robar hanci ta abinci, ko a sa iskar oksijin, kada a ƙi. Mutanenmu da yawa na ɗaukar waɗannan alamar ajali ne, har su hana. Na ga waɗanda aka sa wa su suka tashi suka koma gonakinsu. Kusa da oksijin kuma ba ashana, ba turaren wuta.

Ka sa safar hannu in za ka taɓa jini ko amai ko bayan gida, ka wanke hannu da sabulu kafin da bayan kowace hidima. Yankinmu na fama da zazzaɓin Lassa a lokacin rani, kuma masu jinya na cikin waɗanda ya fi kamawa. Abubuwan da ba a jira zagayen safe a kansu: numfashi sama-sama, jijjiga, jini na zuba, barcin da ba a iya tada shi, ruɗewa, ko yini guda ba fitsari.

10. Abinci, 'yan dubiya da ibada

A tambayi abin da aka yarda ya ci kafin a kawo daga gida. Mai suga, mai ciwon ƙoda da mai hawan jini kowa da nasa, kuma farfesun da aka cika wa gishiri da dunƙule ba gata ba ne gare su. Lemon kwalba da maltina da 'yan dubiya ke kawowa, a ajiye wa masu jinya.

Dubiya lada ce, amma a gaishe shi a yi addu'a a tashi. Kada a zauna kan gado, mai mura ko tari ya gaisa ta waya. Kai mai jinya kai ne mai tsaron ƙofa, ka iya cewa, "Hajiya, an gode, Allah Ya ba da lada, yanzu ya samu barci." Kowane mai dubiya kuma da maganin da zai ba da labari. Addu'a da tofi ba mai hana su, amma duk abin da zai shiga ciki, ko da rubutu ne, a tambayi likita tukuna, balle ga mai ciwon ƙoda ko hanta ko mai jiran tiyata.

Salla ba ta faɗuwa. Wanda ba ya iya tsayuwa ya yi a zaune, wanda ba ya iya zama ya yi a kwance, wanda ruwa zai cutar ko bandeji ya hana ya yi taimama. In watan Ramadan ne, mara lafiya ya sha ya rama daga baya, kada a tsallake maganin rana saboda azumi.

11. Sallama

Da safe ake cewa an sallame ku, amma fita sai yamma, don akwai lissafin kuɗi, karɓar maganin tafiya gida, da takardar da za a nuna a ƙofa. Kada a kira mota sai an gama waɗannan. A gwada lissafin da rasidan da ke hannu, a karɓi ragowar magungunan da aka saya da hotunan da aka kawo. Ma'aikaci ko ɗalibi ya nemi takardar hutun rashin lafiya tun likita na nan.

In mara lafiya ya matsa sai ya tafi kafin lokaci, ko dangi suka ce a koma gida a gwada na gargajiya, za a sa ku sa hannu cewa kun fita ba da yardar likita ba. Kafin a kai nan, a zauna da babban likitan a ji me zai biyo baya. In kuɗi ne matsalar a faɗa, in wani asibitin ake so a nemi takardar turawa.

Kafin ku bar ɗakin, ka buɗe shafin ƙarshe ka rubuta: sunan kowane magani, sau nawa a rana, na kwana nawa, kafin abinci ko bayansa, ina za a riƙa wanke ciwo, kuma ko asibitin unguwa zai iya, ranar cire zare, wanda yawanci kan kama tsakanin kwana 7 zuwa 14, yaushe zai fara wanka, ɗaukar kaya, hawa babur ko komawa gona, da ranar dawowa ganin likita, da ɗakin da za a je. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a shanye shi duka ko an ji sauƙi. In a gida zazzaɓi ya taso, ko ɗinki ya kumbura yana ruwa ko wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko amai ya ƙi tsayawa, kada a jira ranar da aka sa. A ɗauko ledar takardu da littafin a koma imajansi a ranar.